Fayil ɗaya, masu shi biyu: me ke haɗa hedojin kompaila faɗa da na tsarin kwamfuta?

Me zai sa kwamfuta ta ce maka ba ta ga `stdlib.h` ba, alhali ka buɗe `/usr/include` ga fayil ɗin nan zaune, ko ƙwarzane bai yi ba? Kuma me zai sa manhajar da ka haɗa lafiya ƙalau makon jiya, yau da ka sabunta kwamfutarka ta cika maka allo da saƙonnin kuskure, dukkansu a kan fayilolin da ba kai ka rubuta ba, ba ka ma taɓa buɗe su ba?

Duk wanda ya ɗan jima yana rubuta C ko C++ ya sha karo da wannan. Har mai Python bai tsira ba, domin wani lokaci `pip install` yakan tsaya ya haɗa wani ɓangare da aka rubuta da C, sai abin ya watse a nan. Shawarar da aka fi ba mutum iri biyu ce: ko a ce ya goge komai ya sake saukewa, ko a ce ya kwafo fayil ɗin daga wani wuri ya ajiye inda ake nemansa. Ta farko tana cinye data da yini guda, kuma sau da yawa matsalar tana nan tana jira. Ta biyun ta fi muni, don takan kashe saƙon kuskuren ta bar cutar a ciki. Abin da ke faruwa a zahiri rikicin iyaka ne tsakanin masu gona biyu, kuma wanda ya gane inda iyakar take, yawanci minti kaɗan ya ishe shi.

## Kompaila da heda

Kompaila tafinta ne. Kai ka rubuta umarni da yaren C, shi kuma ya juya shi zuwa lambobin da furosesa ke ganewa. Manyan da aka fi amfani da su a Linux da Mac su ne GCC, wanda Richard Stallman ya fitar a 1987, da Clang, wanda ya fito daga aikin LLVM a 2007.

Heda kuwa fayil ne mai ƙarewa da `.h`, kuma aikinsa kamar takardar awo ce a hannun tela. Ba ita ce rigar ba, amma da ita ake yanka. Idan ka rubuta `#include <stdio.h>`, kana cewa ne a ɗauko wannan fayil a zuba abin da ke cikinsa a daidai wannan layi, domin kompaila ya san cewa akwai wani aiki mai suna `printf`, ya san abin da ake miƙa masa da abin da yake mayarwa. Shi ainihin `printf` ɗin yana can cikin laburaren C, wato rumbun shiryayyun ayyukan da manhajoji ke kira, an riga an haɗa shi tuntuni. Idan awon da ke takarda ya saɓa da jikin mai riga, to ko a tsaya tun a teburin yanka, ko a ɗinka abin da ba zai shiga ba.

## Yadda aka raba gadon

Mutane da yawa suna ɗauka cewa duk hedojin C daga wuri ɗaya suke. Ba haka ba ne, kuma nan ne tushen maganar.

Akwai abubuwan da kompaila ne kaɗai ya san su. Nawa ne girman `int`? Yaya ake miƙa wa aiki irin `printf` kaya barkatai waɗanda ba a san adadinsu ba tun farko? Wane irin lamba ne `size_t`, bait 4 ne ko 8? Amsar ta dogara ne da furosesa da kuma yadda kompailan ya tsara aikinsa. Shi ya sa da aka daidaita yaren a 1989, aka ware hedoji huɗu da dole a same su ko da babu wani tsarin kwamfuta a ƙasa: `float.h`, `limits.h`, `stdarg.h` da `stddef.h`. Daga baya aka ƙara wasu, irin `stdint.h` da `stdbool.h` a 1999, har suka kai tara a ƙa'idar 2011. Waɗannan kompaila yakan zo da nasa. A Debian 12, alal misali, na GCC suna cikin `/usr/lib/gcc/x86_64-linux-gnu/12/include`. Idan ka buɗe `stdarg.h` na wurin za ka ga kusan ba komai a ciki sai nuni zuwa `__builtin_va_list`, wato wani abu da ke cikin cikin kompailan kansa.

Akwai kuma abubuwan da kompaila ba shi da masaniya a kansu. Yaya ake buɗe fayil a wannan tsarin? Mene ne siffar `FILE`? Wace lamba ce ke nufin an hana ka izini? Wannan hurumin laburaren C ne da tsarin kwamfutar: glibc a yawancin Linux, musl a Alpine, bionic a Android, na Apple a Mac. Su ne masu `stdio.h`, `stdlib.h`, `unistd.h` da ɗaruruwan 'yan'uwansu.

Da a ce rabon ya tsaya a nan tsaf, da babu rigima. Matsalar ita ce gonakin sun shiga juna. `stdio.h` na glibc yana buƙatar `size_t`, wanda yake hannun kompaila. Don haka sai ya ɗaga wata alama mai suna `__need_size_t`, sannan ya kira `stddef.h` na kompaila, ma'ana a ba shi wannan abu ɗaya kawai a riƙe sauran. Wannan alama ba ta cikin ƙa'idar C. Fahimtar juna ce kawai tsakanin ɓangarorin biyu, irin ta maƙwabtan da suka daɗe tare.

`limits.h` ya fi kowanne ban sha'awa, don shi kowa na da nasa. Mafi girman lambar da `int` zai ɗauka, 2147483647, kompaila ne ya san ta. Amma iyakar tsawon adireshin fayil, `PATH_MAX`, wadda take 4096 a Linux, ta tsarin ce. Suna ɗaya, fayil biyu, kuma mai rubuta manhaja yana bukatar duka biyun a lokaci guda.

## Ɗan aiken da ba ya waiwaye

Idan ka rubuta `#include <limits.h>`, kompaila yana da jerin foldoji da yake bi ɗaya bayan ɗaya, kamar ɗan aiken da aka tura layi yana sallama gida-gida. Gidan da aka fara amsa masa, nan zai tsaya. A Linux jerin yakan fara da hedojin C++ idan da shi ake aiki, sai foldar kompaila, sai `/usr/local/include`, sai `/usr/include` a ƙarshe.

To ta yaya ake samun `limits.h` guda biyu a haɗa? GCC ya ƙirƙiro wani umarni na musamman, `#include_next`, wanda Clang ma ya ɗauka. Ma'anarsa: ci gaba da neman fayil mai wannan suna, amma fara daga gidan da ke gaba da wanda kake ciki. Na kompaila sai ya tura ɗan aiken gaba ya ɗauko na glibc, kowanne kuma yana da alamar da yake dubawa don kada su yi ta kiran juna ba iyaka.

Dabara ce mai kyau, amma a lura da sharaɗinta. Ɗan aiken nan gaba kawai yake yi. Idan wani ya ɗauke gidan ƙarshe ya mayar da shi farkon layi, zai wuce har ƙarshen unguwa ya dawo ya ce babu.

Abin da ya faru ke nan a 2016 da GCC 6 ya fito. Masu kula da laburaren C++ na GCC sun ƙara nasu `stdlib.h` da `math.h` a gaban na tsarin, domin a cika wasu sharuɗɗan ƙa'idar C++, sai `cstdlib`, takwaran `stdlib.h` a C++, ya koma amfani da `#include_next` wajen isa ga na glibc. A gefe guda kuma, manhajoji da dama sun saba ba kompaila umarnin `-isystem /usr/include`, galibi ba da gangan ba: kayan haɗa manhaja irin qmake da CMake ne ke saka shi idan wani laburare ya ce hedojinsa a can suke. Shekara da shekaru wannan bai cutar da kowa ba. Amma aikin umarnin shi ne ya ɗauko `/usr/include` ya kawo gaba, ya kuma cire shi daga matsayinsa na ƙarshe. Da aka wayi gari da GCC 6, sai manhajoji suka fara faɗuwa da saƙon `stdlib.h: No such file or directory`, fayil ɗin kuwa yana nan inda yake tun fil azal.

Masu manhajojin suka ce GCC ya fasa abin da ke aiki. Masu GCC suka tsaya a kan cewa wanda ya hargitsa jerin shi ne da laifi. A ganina masu GCC sun fi gaskiya, domin ba wanda ke da dalilin gaya wa kompaila inda `/usr/include` yake, ya riga ya sani. Sai dai saƙon kuskuren ya zalunci mutane. Ya ce babu fayil, alhali abin da ya kamata ya ce shi ne an wuce shi a baya. Masu libc++, laburaren C++ na ɓangaren LLVM, daga baya sun saka bincike na musamman wanda ke fitowa fili ya ce jerin foldojinka ne ba daidai ba, kuma hakan ya fi zama adalci ga mai koyo.

## Ɗinki da tsohon awo

Kashi na biyu na rikicin ya fi wannan tsufa. Lokacin da GCC ya fara yaɗuwa, a kan kwamfutocin kamfanoni yake aiki, masu tsarin SunOS, HP-UX, AIX, IRIX da ire-irensu. Hedojinsu an rubuta su ne don kompailan kamfanin, da yawa kuma sun girmi ƙa'idar 1989. GCC ba shi da ikon gyara fayilolin mutane, don haka aka samar da wani kayan aiki mai suna `fixincludes`. Lokacin da ake haɗa GCC, sai ya bi hedojin tsarin, duk wanda ya ga yana da matsala ya kwafe shi, ya gyara kwafin, ya ajiye a wata folda mai suna `include-fixed`, wadda ke gaban `/usr/include` a jeri.

Ka ga inda gizo ke saƙar. Kwafin na ranar da aka yi shi ne. Tela ya auna yaro bara, ya ajiye takarda, bana an kawo yadin sallah ya yanka da awon bara. Idan ka sabunta glibc, ko Apple ta sauya hedojinta, na asali ya canza, amma GCC zai ci gaba da ɗauko tsohon kwafinsa, ya haɗa shi da sababbin hedojin da ke kewaye da shi. Tsohon `stdio.h` sai ya nemi wani abu da aka riga aka mayar wani fayil, sai kurakurai su zubo. Duk lokacin da ka ga `include-fixed` a cikin adireshin fayil ɗin da ake kuka da shi, fara zargin wannan.

Masu amfani da Mac sun fi kowa shan wannan wahala. A 2018, da fitowar Xcode 10, kayan haɗa manhaja na Apple, da macOS Mojave, Apple ta daina ajiye hedoji a `/usr/include`, ta mayar da su cikin kunshin da take kira SDK. Ta bar wani ɗan fakiti da mutum zai iya sakawa ya dawo da su, amma da Catalina ta zo a 2019 wannan ma ya tafi. Ƙari a kan haka, idan ka rubuta `gcc` a Mac, Clang na Apple ne ke amsawa. Wanda ya saka GCC na gaske ta Homebrew, manhajar sauke kayan aiki a Mac, kuwa yana ɗauke da kwafin da aka gyara daga SDK na wani lokaci, kuma sabon Xcode na iya barinsa a baya.

Wani lokacin ma gyaran ne kansa ke ɓata lafiyayyen fayil. Ɗaya daga cikin tsofaffin dokokin `fixincludes` ita ce duk inda ya ga suna irin `unix` ko `linux` a layin sharaɗi, ya mayar da shi `__unix__` ko `__linux__`, saboda ƙa'idar C ba ta yarda kompaila ya mallaki sunaye tsirara irin waɗannan ba. A 2019 glibc 2.30 ta zo da wani layi a `bits/statx.h` mai tambaya ko akwai fayil ɗin `linux/stat.h`. Sai dokar ta ga kalmar `linux` ta yi aikinta, tambayar ta koma ko akwai `__linux__/stat.h`, fayil ɗin da ba a taɓa yi ba. Amsa ta zama babu a kullum.

Saboda irin wannan ne wasu ke ganin `fixincludes` ya gama zamaninsa, ya kamata a binne shi. Ina da tausayin wannan ra'ayi, amma ba zan bi shi har ƙarshe ba, ga dalili. A 2023 GCC 13 ya mayar da sunaye irin `_Float32` kalmomin cikin gida a C++. Tsofaffin fitowar glibc kuwa suna ƙirƙirar waɗannan sunaye da kansu a `bits/floatn.h` da ɗan'uwansa, tunda a lokacin kompailan C++ bai san su ba. Sabon kompaila da tsohon laburare sai suka yi karo a kan suna ɗaya. An gyara glibc, amma kwamfutocin da ke kan tsohuwar fa? Da `fixincludes` ɗin nan aka cece su. Muddin ana fitar da kompaila da laburare a lokuta daban, daga hannun mutane daban, wani zai riƙa cike gibin.

## Waɗanda suka ƙi rabon

Ba kowa ne ya yarda da yadda aka raba gadon ba. Laburaren musl, wanda Rich Felker ya fara fitarwa a 2011, yana zuwa da nasa `stddef.h` da `stdarg.h` da sauransu, kuma an tsara shi ne a fara duba nasa kafin na kompaila. Hujjarsu ita ce hedojin laburare su zama cikakku, masu jituwa da juna, ba masu dogaro da wata fahimtar da ba a rubuta a ko'ina ba.

Masu kula da zuciyar Linux, wato kernel, sun ma fi haka nisa. Tun da daɗewa suna amfani da `-nostdinc`, wato kada a taɓa hedojin tsarin ko kaɗan. A Linux 5.15, cikin 2021, suka kawo nasu `linux/stdarg.h`, a 5.16 kuma suka cire foldar kompaila daga jerin gaba ɗaya. Direbobin da ake haɗawa daga waje, irin na wasu katunan wayfai da na hoto, waɗanda suka saba kiran `stdarg.h` kai tsaye, sai suka daina haɗuwa har sai da masu su suka gyara. Mutum ya sabunta kwamfuta, ya kunna, ba intanet, bai kuma san cewa wani layi guda ne a wata heda ya jawo masa ba.

## Aron hedar wani

A nan ne shawarar kwafo fayil take nuna illarta. Hedojin kompaila ba sa aruwa. `immintrin.h` da `xmmintrin.h`, masu ba da damar amfani da umarnin furosesa na musamman, cike suke da kiran ayyukan cikin gida waɗanda GCC da Clang ba su yi tarayya a kan dukkansu ba. Ka nuna wa Clang foldar GCC, sai ya yi ta kukan bai san `__builtin_ia32_` kaza ba. Ko tsakanin fitowa biyu na kompaila ɗaya ba a cika samun jituwa ba.

Akwai kuma kayan aikin da aka gina a kan Clang, masu duba kod ko masu haɗa C da wasu yaruka. Clang yana gano foldar hedojinsa ne ta la'akari da inda shi kansa yake zaune. Idan aka ɗauke kayan aikin aka kai wani wuri, sai ya ce bai ga `stddef.h` ba. Mutum ya duba `/usr/include` ya ga lallai babu, sai ya ɗauka tsarinsa ne ya lalace. A kan glibc dama can ba a ajiye shi a wurin.

## Wanda ba ya ihu

Kusan duk abin da na lissafa yana tsayar da aiki, kuma wannan rahama ce. Mai haɗarin shi ne wanda ke wucewa shiru. Ka ɗauki mai haɗa manhaja a kwamfutarsa mai bit 64 domin ta yi aiki a wata ƙaramar na'ura mai ARM na bit 32. Idan `/usr/include` na kwamfutarsa ya kutsa cikin jerin, ana iya gama haɗawa ba tare da ƙorafi ba, amma da awon wani jiki. Manhajar tana zaton wani bayani yana bait na kaza, laburaren da ke kan na'urar ya ajiye shi a wani wurin. Sakamakon sai bayan an kai na'urar inda za ta yi aiki: lissafi ya karkace, ko ta riƙa mutuwa jefi-jefi ba a san dalili ba. Shi ya sa Yocto da Buildroot, waɗanda ake gina tsarin ƙananan na'urori da su, suke da bincike na musamman da ke kama duk wanda ya shigo da foldar kwamfutar gida cikin irin wannan aiki.

## Abin dubawa kafin a goge komai

Tambaya ta farko ita ce wane layi ɗan aiken yake bi. Umarnin `echo | gcc -E -v -x c -` zai buga maka jerin foldojin a yadda ake bin su, idan C++ ne ka sa `c++` a madadin `c`, kuma Clang ma yana karɓar wannan. Idan ka ga `/usr/include` a sama da foldar C++ ko ta kompaila, ka kama ɓarawon. Sai ka nemi wanda ya kawo shi nan: wani `-isystem` a fayilolin haɗa manhajar, ko `C_INCLUDE_PATH` da `CPLUS_INCLUDE_PATH` da ka taɓa sakawa a saitinka bisa shawarar wani ka manta.

Tambaya ta biyu, wane fayil aka ɗauko a zahiri. Ƙara `-H` a umarnin haɗawa, zai nuna kowace heda da aka buɗe da cikakken adireshinta. `gcc -print-file-name=include` da `clang -print-resource-dir` za su gaya maka inda kowanne ya ajiye nasa. Idan daga `include-fixed` matsalar take, maganin shi ne a sake saka GCC wanda ya dace da tsarin na yanzu, shi kaɗai, ba kwamfutar duka ba. A Mac, `xcrun --show-sdk-path` zai nuna inda hedojin suke, a ba `SDKROOT` wannan adireshi. Mai haɗawa don wata na'ura kuma ya yi amfani da `--sysroot`, ya bar kompaila ya tsara jerinsa da kansa.

Ɗalibanmu da ke koyon C a waya ta Termux, manhajar da ke ba da damar buga umarnin Linux a Android, su ma su riƙe wannan: a can Clang ne da bionic, kuma hedojin suna ƙarƙashin `/data/data/com.termux/files/usr/include`. Manhajar da aka rubuta da zaton glibc tana iya neman hedar da bionic ba shi da ita sam. Ɗauko ta daga kwamfutar Ubuntu ta aboki ba zai haifar da aikin da babu shi a laburaren ba, sai dai a nemi fitowar manhajar da aka gyara don Termux, ko a gyara layin da ke kiran hedar.